Babi na Biyar: Bokon da Ke Cikin Injin Gas

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa, ranar da aka haƙura da karatun yaro ita ce ranar da ake kai shi gareji. Ya maimaita aji, sakamako ya ƙi kyau, malamai sun gaji, sai uba ya kama hannunsa zuwa wurin wani amininsa bakanike ya ce, "Ga ɗanka nan, boko ya ƙi shi, ko Allah zai sa abincinsa a nan yake." Maigidan gareji ya karɓa, ya miƙa wa yaron tsumma da kwanon wanke notina. Ba wanda zai tambaya ko yaron ya iya raba 720 gida shida, ko ya san wanne ya fi girma tsakanin 0.25 da 0.025. A ganin kowa, wannan tambayar 'yan makaranta ce, ba ta masu baƙin mai a farce ba.

Hanyar nan ta fitar da gwanaye, kuma duk mai musun haka bai taɓa zama a Tafa ko Mararrabar Jos ya kalli aiki ba. A can akwai kanikawan da tirela za ta wuce su ce bawul ɗinta na neman saiti, a duba a tarar haka ne. Akwai masu sauke inji a bakin titi, ƙarƙashin bishiya, su mayar da shi kafin kwana uku mota ta kama hanyar Legas da shanu. Su ne suka riƙe tsofaffin Marsandi 911, da motocin Steyr da aka haɗa a Bauchi, da na Fiat da aka haɗa a Kano, shekaru masu yawa bayan an daina fitar da irinsu. Da yawansu ba su taɓa buɗe littafin inji ba.

To amma yaya aka yi suka iya? Lambobin suna nan, a yatsunsu da kunnuwansu suka ajiye su. Mutumin da ya shekara 30 yana buɗe inji iri uku ko huɗu, hannunsa ya haddace ƙarfin da kowane noti yake so, kamar yadda maigidansa ya nuna masa. Abin da ya canja shi ne yanzu ba iri uku ake kawo masa ba. Yau DAF ce daga Holan, gobe MAN daga Jamus, jibi Mack daga Amurka, gata Howo daga Sin, ga janaretocin Perkins da Cummins, ga katafila, ga tarakta. Ba hannun da zai haddace wannan duka. Dole a koma inda masu ƙirar suka ajiye lambobin, wato a takarda.

Shi kansa injin a cikin aji aka haife shi. Rudolf Diesel, Bajamushen da aka haifa a birnin Faris a 1858, yana ɗalibi a Munich ya ji malaminsa Carl von Linde yana bayanin cewa injin tururi, wanda shi ke juya masana'antun Turai a lokacin, bai fi kashi 10 cikin 100 na zafin gawayin da yake ci ba yake mayarwa aiki, sauran duk asara. Abin ya tsaya masa a rai. Ya yi shekaru yana lissafi a takarda, ya wallafa ɗan littafi a kan tunaninsa a 1893, kafin a samu injin da ya yi aiki sosai a Augsburg a 1897, a masana'antar da daga baya ta zama kamfanin MAN. Injin ya mayar da kusan kashi 26 cikin 100 na ƙarfin man da ya sha zuwa aiki, abin da ba a taɓa gani ba a zamanin.

Dabarar tasa kimiyyar ƙaramar sakandare ce. Iska idan aka matse ta, zafi take yi. Duk wanda ya taɓa famfon keke bayan ya bai wa taya iska ya ji hakan a tafin hannunsa. Injin gas ba shi da fulogin da ke ba da wuta irin na motar fetur. Fistin ne yake matse iskar da ke cikin silinda har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 ko 17 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mai, man ya kama da kansa. Ɗan koyon da ya fahimci wannan jimlar guda ya riga ya fahimci dalilin da ya sa tsohuwar mota ke ƙin tashi da asubar hunturu: zobban fistin sun cinye, iska na sulalewa, matsin bai isa ya kawo zafin ba, ga ƙarfe kuma ya kwana cikin sanyi. Zai gane me direba yake yi sa'ad da ya kunna tsumma ya kanga a bakin bututun iska, ya kuma gane cewa wannan lallaɓawa ce, gyaran yana ciki. Haka hayaƙi. Baƙi na nufin mai ya fi iska yawa, kuma a watannin ƙura matatar iska ce farkon abin zargi, ba famfon mai ba. Shuɗi na nufin injin yana ƙona man juye. Fari kuwa ko man da bai ƙone ba ne, ko ruwa ya sami hanyar shiga silinda. Wanda bai san dalilan ba sai ya haddace su ɗaya bayan ɗaya, ranar da aka kawo masa abin da bai haddace ba kuma ya fara canza kaya yana gwadawa da kuɗin mai mota.

Inda boko ya fi shiga aikin shi ne awo. Kanikawa na son cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne a kasuwar hatsi. A cikin inji, kimar da ake magana a kai ido ba ya ganinta.

A ɗauki injin Cummins mai silinda shida da ake kira 6BT, wanda ke cikin janaretoci da manyan motoci da injinan gini a ko'ina. Faɗin kowace silinda milimita 102 ne, fistin na tafiyar milimita 120. Yaron da ya iya lissafin faɗin da'ira zai ninka ya sami kusan lita 0.98 a kowace silinda, ya ninka sau shida ya ga inda lambar 5.9 da ke jikin injin ta fito. Wannan dai ilimin sha'awa ne. Na aiki shi ne saitin bawul. Kamfanin ya ce a bar ratar inci 0.010 a bawul ɗin shigar iska, inci 0.020 a na fitar hayaƙi, kuma a auna injin yana sanye. A milimita, 0.25 ke nan da 0.51. Ana barin ratar ne domin ƙarfe na miƙewa idan ya ɗauki zafi. In ta yi kaɗan, bawul ba zai rufe ruf ba, wuta ta riƙa lasar bakinsa har ya ƙone. In ta yi yawa, inji ya yi ta ƙwaƙwas-ƙwaƙwas, ƙarfinsa ya ragu. Fila-gej, siraran ƙarafan nan da ake zurawa a ratar, kowanne da lambarsa a jiki, wani a inci, wani a milimita. Ɗan koyon da ya ga 0.010 a littafi ya zaro ƙarfen da aka rubuta wa 0.10 na milimita, yana ganin ai sifiri ɗaya ba wani abu ba ne, ya bar ratar da ba ta kai rabin wadda ake so ba. Injin zai tashi lafiya lau, a biya kuɗi, a yi godiya. Sai bayan wasu watanni bawul ya ƙone, a ɗora laifin a kan man gas ko kan direba.

Kafin ma a zura fila-gej sai an san silindar da ke kan matsi. Inji mai bugu huɗu yana juya karanshaf sau biyu, digiri 720, kafin kowace silinda ta yi aikinta sau ɗaya. A raba gida shida, kowace digiri 120 silinda ɗaya ke kamawa, kuma ba a jere suke kamawa ba: 1-5-3-6-2-4 ne tsarin a kusan duk inji mai silinda shida a layi ɗaya. Tsofaffin kanikawa sun san wannan jerin kamar sunayen 'ya'yansu. Wanda ya san daga ina ya fito shi ne ba ya ruɗewa idan aka kawo masa mai silinda huɗu ko takwas.

Ciki-ciki kuwa ratar ta fi haka ƙanƙanta. Tsakanin karanshaf da metal ɗin da yake kwance a kai, gurbin da man juye ke bi yakan kasance tsakanin kamar milimita 0.05 zuwa 0.10, kusan kaurin gashin kai guda. Idan inji ya buga aka kai karanshaf wurin masu yanka, mataki-mataki suke rage shi: 0.25, ko 0.50, ko 0.75, sannan a sayo metal ɗin da ya dace da abin da aka rage. Aikin bakanike shi ne ya auna da maikuromita, ya karanta kashi ɗaya cikin 100 na milimita, ya ɗebe wannan lamba daga waccan, ya duba ko abin da ya rage yana cikin iyakar da littafi ya bayar. Ɗebewa ce ta aji biyar na firamare, mai ɗigo a tsakiya. Amma a kanta injin miliyoyin naira yake rayuwa ko ya sake bugawa kafin ya kai Zariya.

Ga kuma rikicin inci da milimita, wanda duniya ta kasa kashewa. Najeriya ta koma tsarin mita tun shekarun 1970, Nijar kuwa shi ta gada daga Faransa, amma Amurka na nan da incinta, kuma tsofaffin Mack da Caterpillar sun shigo da notinansu na inci. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Noti mai kan rabin inci, 12.7 ke nan, shi ya sa sifana 13 take shigarsa tana ɗan rawa, ta cinye masa kai idan aka matsa. A akwatin sifanun inci kuma, yaron da bai yi lissafin ɓangare ba zai tsaya yana kallon 5/8 da 11/16 bai san wacce ce babba ba. Wanda ya yi, nan take zai mayar da 5/8 ta zama 10/16 ya miƙa wa maigidansa abin da ya nema.

Ɗaurin noti ma lissafi ne, ko da yake ba kasafai ake yarda ba. Ƙarfin murɗa shi ne nauyin da aka danna a ninka da tsawon abin da aka danna da shi. Notinan tayar babbar mota, irin manyan nan guda goma, galibi suna son kamar mita-Niyuton 600 zuwa 650. Abin da aka saba gani a tasha shi ne a zura bututu mai tsawon mita ɗaya da rabi a jikin sifana, yaro mai kilo 70 ya hau ƙarshensa. Tsayuwarsa kawai ta haura 1,000, balle ya yi tsalle, kuma sai ya yi. Kusar ta miƙe fiye da ƙarfinta, ba ta karye a ranar ba, sai a wani gangare da lodin siminti. Ta ɗaya gefen, littafin Amurka zai rubuta 450 da awonsu na fam da ƙafa, wanda ya kama 610 a awon mita. Wanda ya saita sifanar awo a kan 450 bai duba wane awo ake nufi ba ya bar kowane noti da saura kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaurinsa.

Notinan tof-silinda na injinan zamani sun ƙara wani abu. Littafi zai ce a fara daga tsakiya a yi waje, a ɗaure a matakai biyu ko uku, sannan a ƙara murɗa kowanne digiri 90. Wasu an ƙera su ne su miƙe sau ɗaya, a jefar idan an kwance. Duk wannan a rubuce yake, cikin gajerun jimloli. Wanda bai karanta ba ya mayar da tsofaffin, gasket ya ƙone, lagireto ya fara tafasa.

Sai kuma lantarki ya shigo, ya sauya sana'ar gaba ɗaya. Famfon mai irin na layi, wanda kamfanin Bosch ya fara fitarwa da yawa a 1927, ƙarfe ne zalla: giya da sifirin da fulanja. Shi kanikawanmu suka gada suka ƙware a kai. A 1995 kamfanin Denso na Japan ya sa wa manyan motocin Hino wani sabon tsari, inda famfo ke tara mai a bututu guda mai tsananin matsi, kwamfuta kuma ta riƙa buɗe kowace injekta da wutar lantarki. Bosch ya kawo shi ƙananan motoci a 1997, da matsin da ya kai 1,350 a awon bar. Na yanzu suna kai 2,000 zuwa 2,500. Tayar tirela, don a kwatanta, bar 7 ko 8 take ɗauka. Sassan cikin irin wannan injekta ratarsu 'yan maikuron ce, kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita ke nan kowanne, saboda haka ƙurar da ido bai gani ba ta isa ta kashe ta. Buɗe ta a kan tabarma a bakin titi, kamar yadda ake yi wa tsohon nozul, ɓarna ce. Tsohuwar dabarar sassauta bututun nozul inji na aiki don a ji silindar da ba ta kamawa kuwa ta zama ganganci, domin mai a wannan matsin yana huda fata.

Da wannan, katangar da ke tsakanin bakanike da mai wayarin ta rushe. Manyan motocin Turai da na Sin bolt 24 suke amfani da shi, batir biyu masu 12 da aka jona kai da gindi. Na Amurka galibi 12 ne, ko da batiran sun kai uku ko huɗu, domin a gefe da gefe ake jona su. Kuskuren jonin nan kaɗai ya isa ya ƙone ƙwaƙwalwar mota. Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827, da 'yar uwarta ta lissafin wat, layi ɗaya ce kowacce a allo: ƙwan fitila mai wat 70 a kan bolt 24 amfiya 3 yake ja, ɗan ƙasa da haka ma. Wanda ya iya wannan rabawar ya san fis ɗin da ya dace, ya kuma san cewa fis ɗin da ke yawan ƙonewa ƙara yake kawowa, ba a rufe masa baki da guntun waya. Na'urorin da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da matsi kuwa bolt 5 kacal suke sha. Al'adar goga waya a jikin ƙarfe don a ga ko za ta yi tartsatsi ba ta da wuri a nan. Mita ake sa wa, a karanta.

Masu mota da yawa sun ɗauka idan an "sa mota a kwamfuta" ita za ta faɗi abin da za a canza. Ba ta faɗa. Lamba take bayarwa. A manyan motocin da ke bin ƙa'idar J1939, lambar kashi biyu ce: ta farko, wato SPN, tana nuna wurin, ta biyu, wato FMI, tana nuna irin matsalar. SPN 100 matsin man juye ne, SPN 110 zafin ruwan inji. Idan aka ga SPN 100 tare da FMI 1, ƙwaƙwalwa na cewa matsin man ya faɗi da gaske, a kashe inji yanzu. Idan FMI 3 ko 4 ne, cewa take wutar da ke dawowa daga na'urar ta yi sama ko ƙasa fiye da hankali, wato a nemi tsinkakkiyar waya ko lalatacciyar na'ura. Lamba ɗaya ce ta raba aikin da za a gama kafin azahar da na sauke kaskon mai. An sha sauke kasko a kan waya, an kuma sha raina gargaɗin gaske ana cewa ai waya ce.

Wayoyi biyun da ƙwaƙwalen mota ke magana da juna ta cikinsu ma suna da gwaji mai sauƙi. Akwai abin tsayar da wuta mai om 120 a kowane ƙarshe. Biyu a gefe da gefe, 60 ke nan. A cire batir a sa mita: 60 lafiya, 120 na nufin ɗaya ya ɓace ko waya ta yanke a hanya. Minti biyar, ga wanda ya san dalilin da ya sa 120 da 120 ba su zama 240 ba.

Duk wannan da Turanci yake zuwa, ko da Faransanci a Maraɗi da Damagaram, wani lokacin ma allon gaban motar da aka shigo da ita ta hannu da Jamusanci yake magana har sai an sauya masa harshe. Ba Turancin jarida ake bukata ba, kuma ba a neman bakanike ya iya jawabi. Kalmomin littafin gyara ba su da yawa, maimaita kansu suke yi. Abin da ake nema shi ne karatun natsuwa, na wanda ba ya tsallake layi: in ka sami kaza je mataki na bakwai, in ba ka samu ba je na tara, a auna da sanyi, kada a sake amfani da wannan. Sai iya bin zanen wayoyi da yatsa daga fis zuwa na'ura, da karanta jadawali, a haɗa layin kwance da na tsaye a fito da lamba. Ɗalibai da yawa masu takardar sakandare ba su iya wannan ba, abin da ke nuna cewa takardar daban, karatun daban.

Akwai ɗan ilimin sinadarai da ya zama dole. Motocin Turai na baya-bayan nan suna da tanki na biyu mai shuɗin murfi, na AdBlue, ruwan da ake fesawa cikin salansa don ya rage gubar hayaƙi. Kashi 32.5 cikin 100 yuriya ce tsantsa, sauran tataccen ruwa. Sunan ya sa wasu na ganin za su iya jiƙa takin zamani a ruwan rijiya su zuba. Gishirin ruwan da dattin takin su toshe kayan da suka fi buhu ɗari na takin tsada. Man kansa ma akwai magana. Waɗannan injina an ƙera su ne don man da sinadarin farar wuta a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016, lokacin da ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahotonta kan gurɓataccen man da ake sayar wa Afirka ta Yamma, dokar Najeriya ta yarda da har 3,000, ninki 300 ke nan. ECOWAS ta amince da iyakar 50 a 2020. Bakaniken da ya san ma'anar waɗannan lambobi zai iya gaya wa mai mota dalilin da ya sa matatar hayaƙinsa ke toshewa, da dalilin da ya sa bai kamata ya ja lokacin juye kamar yadda littafin Turai ya ce ba.

Wani lissafin kuma na tsira da rai ne. Tifa da katafila da mai suke ɗaga kaya, bisa ƙa'idar da Bafaranshe Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17: ƙarfi shi ne matsi a ninka da faɗin fuskar fistin. Fistin mai faɗin santimita 10 a kan matsin bar 200 yana tura kusan tan 16. Wanda ya taɓa yin wannan lissafin da hannunsa ba zai shiga ƙarƙashin bodin tifa da aka ɗaga ba sai ya tokare shi da ƙarfe, domin ya san abin da ke riƙe da tan ɗin nan roba ce da tiyo. Ba kuma zai shafa tiyo da tafin hannu yana neman inda yake yoyo ba.

Rubutu shi ne aka fi rainawa. Direba zai zo ya ce, "Oga, motar ba ta ja." Tun yaushe? Da lodi ko babu? A hawa ko a miƙaƙƙen titi? A ina ka sha mai na ƙarshe? Amsoshin nan idan an rubuta su, tare da abin da aka tarar da abin da aka yi, su ne ke hana gardama bayan wata biyu. Kamfanonin gini da na sufuri da masu kula da janaretocin asibitoci da turakun waya ba sa biyan aikin da ba a rubuta ba, kuma janareta da awa ake yi masa juye, sau da yawa kowace awa 250. A nan ne gwani da yawa ke tsayawa a bakin ƙofa: ya fi wanda aka ɗauka iya aiki nesa ba kusa ba, amma ba zai iya cike katin aiki ba.

Ƙasashen da ke ƙera motocin sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan. A Jamus, tun 2003 aka haɗe sana'ar bakanike da ta mai wayarin mota suka zama ɗaya. Koyonta shekara uku da rabi ne, ɗan koyo yana gareji yawancin mako, yana makarantar sana'a kwana ɗaya ko biyu. A Amurka, hukumar ASE da aka kafa a 1972 tana ba da shaida ne bayan jarrabawa da kuma shekara biyu na aikin hannu, kuma duk shekara biyar sai an sake zama. Ba ɗayansu da ya ce aji ya maye gurbin gareji. Haɗa su suka yi.

Najeriya ma tana da tsarin a takarda. Akwai asusun horar da ma'aikata na ITF tun 1971, da hukumar ilimin fasaha ta NBTE mai hedikwata a Kaduna tun 1977, da NABTEB da ke shirya jarrabawar kwalejojin fasaha tun 1992, inda ɗalibin kanikanci ke rubuta Turanci da lissafi da kimiyya tare da darasin sana'arsa, ga kuma gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago mai mataki uku. Matsalar ita ce rabuwar da aka yi: kwaleji na da allo, injin da take koyarwa da shi ya girmi malamin, gareji na da motoci har ba wurin ajiyewa, ba allo. Mafi yawan masu gyaran manyan motoci a Arewa ta gareji suka fito, kuma ta nan za su ci gaba da fitowa.

Saboda haka allon ne ya kamata ya je wurinsu. Abin da ake bukata bai wuce karatun ƙaramar sakandare ba: lamba mai ɗigo, ɓangare, kashi cikin ɗari, ninkawa da rabawa, digirin da'ira, dokar Ohm, da karanta umarni layi-layi. Ƙungiyar kanikawa ta NATA tana da rassa a garuruwa, tana da shugabannin da ake jin maganarsu, kuma a kowace unguwar gareji ba a rasa malamin lissafi ko wani tsohon ɗalibin kwalejin fasaha da zai ɗauki awa ɗaya bayan la'asar, kwana biyu a mako. Masu gareji su saki yaransu na wannan awar, su ma su zauna a bencin baya in sun ga dama. Kayan ajin su ne allo, da mitar lantarki, da baniyar awo, da fila-gej, kuma kuɗinsu duka bai kai na sabuwar injekta guda ta DAF ba.